Ranar da Kwamfuta Ta Goge wa Malam Sadi Tsaga

"To ya gajiyar hanya? Ya mutanen Kaya?"

"Lahiya lau suke. Sun ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka yaushe za ka yi hankali."

"Madalla. Ya hanyar?"

"Hanya ta hi ka kirki, ita ko banza ta kawo ni inda za ni."

A daidai nan na sa ƙafa cikin shagon Abba mai zane da kwamfuta, can bayan tasha a Talata Mafara, ranar Talata kuwa, kasuwa ta cika ta batse. Ni sunana Auwalu, iri da maganin feshi nake sayarwa a Bakura. Sitikar shagona na zo karɓa, wadda yaron nan yake ce mini "gobe" tun kafin ruwan shuka ya sauka. Da faɗana a baki na shigo, wallahi. Sai na tarar wata tsohuwa ta riga ni kujera, ta tuɓe takalmi ta miƙe ƙafafu kamar a tsakar gidanta. Kakarsa ce, Hajiya Taiba, daga Kaya ta ƙasar Maradun. Da na ji yadda gaisuwar ke tafiya na san yau ma ba ni ba sitika, sai na ja benci na zauna.

Ga abin da ya kawo ta. Zuri'ar mijinta, marigayi Malam Sadi, za su yi taron zumunci, an yanke shawara a buga kalanda da hotonsa a raba wa kowane gida. Hoton nasa kuwa ɗaya tak ya rage a duniya, kuma yana hannun Hajiya. Mai injin bugawa a Gusau ya ce in aikin bai iso masa kafin la'asar ba sai dai bayan zaɓe, don fastocin 'yan siyasa sun cika masa shago. Shi kuma Abba ya rantse ba zai tura ba sai Hajiya ta zo ta gani da idonta ta ce ya yi, don abin da inji ya buga ba ya goguwa. Sunan kakan nasa ya ci, Sadi, shi ya sa a gida ake kiransa Abba. Ita Hajiya kam, irin matan da ne, tun da aka kai ta ɗaki ba wanda ya taɓa jin sunan mijinta a bakinta.

"Amarya, kin makara," in ji Abba. "Tun hantsi nake baza ido. Ko tsayawa kika yi shafa hoda?"

"In yi wa wa hoda? Kai? Mijin da bai taɓa kawo ko gishiri gida ba? Mijin da aikinai zama gaban talabijin shina murza ɗan kwaɗo bisa tebur?"

"Da kwaɗon nan nake ciyar da ke."

"Ni? Goron da ka kai mani da sallah akuya na ba, ta sunsuna ta wuce."

"Ai dole. Ta ga mai ba ta ba haƙora, ta san akwai dalili."

"Haƙorana a bakin aiki sunka ƙare. Naka da ke nan talatin da biyu cif, ban da cin tuwon mutane mi sunka tsinana?"

"Hajiya, lokaci na tafiya. Matso ki ga aiki. Fuskar tsohon mijin naki na rufe ta, sai ƙarshe, kada zuciyarki ta buga mini a shago."

Ya juyo mata da kwamfutar. Kalanda ce shimfiɗiya, koren launi mai sheƙi, ga kwanakin wata a ƙasa, ga wani farin fili a tsakiya inda ya ɓoye hoton.

"Tubarkalla, wanga kore ya yi," in ji ta. "Kamar shinkafar Bakolori. Haka nike son shi, kada a rage ko kaɗan."

"To ba haka zai fito ba."

"Ka ji ɓarawo! Tun ba a je ko'ina ba ya fara rage mudu."

"Ba ragi ba ne. Wannan da kike gani haske ne, fitila ce a bayan gilashi. Inji kuwa tawada yake zubawa, kala huɗu yake haɗawa, shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Dole in juya aikin zuwa yaren inji kafin in tura. Ga yadda zai fito a takarda."

Ya danna wani abu, koren ya lafa.

"La ilaha! Shinkafar ta koma miyar kuka!"

"Gara ki ga kukar yau, da ki gan ta ranar taro ki ɗaga mini hankali. Ke ma ai haka aka yi wa Malam da ke. A dandali aka nuna masa ke cikin farin wata, da gari ya waye ya ga abin da aka bugo masa."

"Ya gani ya ƙara sadaki, ɗan nema. Kai wa ta gan ka da rana ta tsaya?"

Ni dai na danne dariyata, don har lokacin fushi nake. Hajiya ta kai yatsa gefen kalandar.

"Wanga fili da ka bari a gefe hwa? Gonar gado ce? Cika shi. Ga jikoki nan rututu, kowa na son a sa hotonai."

"Nan rabon wuƙa ne. In an gama bugawa, jibge takardun ake yi a datse gefe da wata ƙatuwar wuƙa, kuma wuƙa ba ta san ɗan gida ba. Shi ya sa nake zarce launi ya wuce iyaka, rubutu da fuska kuma in ja su ciki. Bara wani ɗan takarar kansila ya matsa mini sai kansa ya kai har ƙarshen takarda, wai ya fi cika ido. Aka datse masa hula da rabin kunne. Haka aka manna shi a garin nan."

"Ya ci zaɓen?"

"Ya ci. Mutane suka ce dama ba sauraro zai yi ba."

"To na gane. Duk abin da anka aje a gefe wuƙa ta cinye shi?"

"Sarai."

"Sa hotonka nan."

Nan kam dariyar ta ƙwace mini. Abba ya harare ni, ya koma kan kakarsa yana murmushin mugunta.

"Saura abu ɗaya kafin fuska. Dokar aiki ce, mai kaya shi ke tabbatar da suna, kada a buga kuskure. Ga rubutu nan a sama: Marigayi Malam... wa?"

"Kai ba ka iya karatu ba?"

"Na iya. Daga bakin mai kaya ake son ji."

"Sunan mai gidan ne."

"Wane gidan? Gidaje da yawa a Kaya."

"Sunan da ka sata ranar suna, ka kasa riƙe shi da mutunci."

"Ni Abba na sani. In sa Malam Abba?"

"Sa Malam Uwaka."

"Hajiya, harafi huɗu ne fa. Ko a kunne ki raɗa mini. Malam Auwalu zai toshe nasa."

"Shekara hamsin da wani abu ina gidanai ban faɗa ba, sai yau gaban talabijin? Buɗe mani hoto, ko in tahi in bar ka da miyar kukarka."

Abba ya gyara zama, ya murza hannu, irin na mai shirin karɓar yabo.

"Ki riƙe kujera. Hoton da ƙanwata Hanifa ta ɗauka da waya ta turo mini ta Wasaf, ba hoto ba ne, hayaƙi ne. Wasaf matse hoto yake yi yadda kike matse gyaɗa, mai ya tafi a bar ka da tunkuza. Da na buɗa shi ya kai girman kalanda, sai fuskar ta farfashe ta koma dambu. Na ce ki aiko na asali, kika ce ko limamin Kaya ba ki ba shi ya riƙe. To sai na zuba shi cikin wata manhaja mai gyara tsofaffin hotuna. Duba ikon Allah."

Ya yaye farin filin. Wani kyakkyawan mutum ya bayyana, fari sol, kumatu sumul kamar an goge da man shanu, gemu a daidaice, ido na walƙiya.

Hajiya ta matso. Ta ja baya. Ta goge ido da bakin mayafi ta sake matsowa.

"Wanga ɗan Indiya hwa? Shi ma cikin zuri'ar yake?"

"Kai Hajiya! Malam ne fa."

"Wane Malam?"

"Mijinki!"

"Ni Taiba? Da na auri wanga ai da ban yi saura a Kaya ba, da tuni mata sun kashe ni. Yaro, wanda na aura baƙi ne wuluk, rana ta gasa shi a fadama. Ina ka kai mashi baƙinai?"

"Na ɗan haska shi ne. Kowa haka yake so yanzu. Ba mai kawo mini hoto ya ce a bar shi yadda Allah ya yi shi."

"Ai mun gani. Wancan zaɓe wani farin saurayi munka dangwala wa a takarda, da ya zo godiya sai ga baƙin tsoho da tumbi. Munka ce ina ɗanka da munka zaɓa? To wanga duk mai sauƙi ne. Ina tsagar?"

"Wace tsaga?"

"Tsagar huskatai! Bazamfare ne gaba da baya, tsaga tun daga gefen baki har kusa da kunne, dama da hagu. Ina take?"

Abba ya dubi hoton. Ya buɗe wanda aka turo ta waya ya ƙura masa ido.

"Wallahi... na ga wasu layuka-layuka. Manhajar ta ɗauka ƙarzuwa ce irin ta tsohon hoto, ta share. Ni ma haka na ɗauka."

"Ƙarzuwa! Wanzami ya yi aikinai tun zamanin Turawa, talabijin ta zo ta ce ƙarzuwa! Garin neman gira ka rasa ido, angona. Wanga shi a ka kira gyaran gangar Auzinawa."

"Ina jariri ya rasu, Hajiya. Ni ban san shi da ido ba."

Ni da nake gefe na ga wasan ya fita daga fuskar tsohuwar, kuma ban ji daɗin ganin haka ba.

"Shi ya sa na hau mota da ciwon gwiwa," in ji ta, muryar ta yi ƙasa. "Ku duka ba ku san shi ba. In anka rataya wanga a ɗakunanku, nan da shekara goma shi ne kakanku, ba mai musu. Ni kaɗai ta rage da ta san kama da wane ba ta wane. Kuma ni ɗin ma, in na rufe ido ina neman huskar, wani bi sai ta ƙi zuwa. Tsoro nike ji in mutu ban sake ganinta sosai ba."

Wayar Abba ta yi ƙara. Mai injin Gusau ne, muna jin muryarsa har inda muke, yana cewa shi fa in an kira la'asar zai ɗora aikin wani ɗan majalisa, kada a ce bai faɗa ba. Abba ya ce a yi masa haƙuri kaɗan, ya kashe.

"Kin zo da na asalin?"

Ta kwance bakin zane, ta fiddo wani ƙullin leda, cikin ledar tsumma, cikin tsumman wani ɗan hoto da bai fi akwatin ashana ba. Ya miƙa hannu, ta buge hannun.

"Da ido a ka gani."

"Sai na sa shi a na'urar ɗauka. Ba cinye shi za ta yi ba."

"Waccan ma ai ba ka ce za ta cinye tsaga ba."

Da kanta ta kwantar da shi a gilashin na'urar, ta tsaya a kai kamar mai gadin tukunya. Hoton ya fito a kwamfuta. Baƙin mutum ne kam, da idanu masu kaifi, amma ruwa ya taɓa taɓa shi, kuncin hagu ya dushe gaba ɗaya, na dama kuma sai inuwar layuka.

"Launin fata da idanu zan iya maido su daga nan," in ji Abba. "Amma tsagar ba ta fito ba. In na zana da ka, ƙarya zan zana. Ban san inda ta tashi da inda ta tsaya ba."

Hajiya ta dube shi, ta dubi hoton, ta sake dubansa. Sai ta laluba jaka ta fiddo tandun kwalli.

"Kawo huskarka."

"Me za ki yi?"

"Ƙasusuwan kuncinai gare ka, ko da yake kai an yi maka su da ragowar yumɓu. Duƙa."

"Hajiya, ranar kasuwa ce! 'Yan mata na wucewa ta ƙofar nan!"

"Yo, wanzami ba ya son jarfa! Kai ka iya taɓa huskar mutane, taka ce ba a taɓawa? Duƙa, ko in kira mahauta su danne mani kai."

Ya durƙusa gabanta yana gunaguni. Ta kama haɓarsa da hannun hagu, ta tsoma tsinken kwalli, ta fara ja daga gefen baki zuwa kunne.

"Da sanyi fa."

"Shi da aska anka yi mashi, bai yi rakin da kake yi ba."

"Ke kina wurin?"

"Uwar miji ta ba ni labari. Daina motsi, kan kamar na ƙadangare."

Ta gama dama ta koma hagu. A nan, wajen layi na sama, sai ta karkatar da hannu, layin ya ɗan goce ya yi ƙugiya.

"Kin kuskure. Wannan ya karkace."

"Haka take. Atishawa yay yi aska na kan kunci. Duk Kaya da wagga karkatacciya anka san shi. In ka miƙe ta, ni da kai har gaban alƙali."

Aka miƙo mini waya aka ce in ɗauki hoton fuskar Abba, dama da hagu. Ni da na zo faɗa, ga ni na koma mai ɗaukar hoto, kuma har da cewa ya ɗan juyo wajen haske. Ya zuba hotunan a kwamfuta, ya jera su gefen na kakansa, ya shiga bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya watsar da ɗan Indiyan, ya ɗauko idanu da baƙin fata daga na asali. Hajiya na tsaye a kansa.

"Ƙara baƙi."

"Inji ma zai ƙara nasa, in na cika sai ya koma gawayi."

"To bar shi nan. Waccan tsagar ta yi kauri, ba garma anka sa ba. Yawwa. Hancin ka rage mashi, mai da shi. Da hancinai na aure shi."

"Wallahi kin yi haƙuri a rayuwa."

"Na gaba ya yi gaba, ga ni ina yi da na baya."

Ya ja hoton ciki nesa da rabon wuƙa, ya duba launi, ya ce bari ya fitar da gwaji a ƙaramin injinsa na shago kafin ya tura. Takardar ta fito a hankali, hula ta fara bayyana, sai goshi, sai idanu. Ya ɗauka ya miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta matsa bakin ƙofa wajen haske. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta bi karkatacciyar tsagar nan har ƙarshenta. Sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da wanda ke kusa da ita:

"Sadi."

"Na'am!" in ji Abba da ƙarfi, har da ƙamewa.

Ta juyo a firgice, ta rufe baki da mayafi.

"Ba da kai nike ba, ɗan banza!"

"Malam Auwalu shaida ne! Mai kaya ta tabbatar da suna! Shekara hamsin ana jira, a shagona aka yi!"

"Ban ce komi ba! Tari nay yi!"

"To Allah ya ƙaro irin tarin."

Ta ɗaga takalmi za ta jefe shi, sai dariya ta ci ƙarfinta. Tana dariya hawaye na zuba, ta zauna a kujera tana share su da bayan hannu. Ni ma dai wani abu ya faɗa mini a ido, ƙila ƙurar kasuwa ce.

"Ka ci, angona," in ji ta. "Yau kam ka ci. Tura masu."

Ya danna, aikin ya tafi Gusau, ladan bai kai ga kiran la'asar ba. Hajiya ta ɗauko ɗan hoton daga gilashi, ta naɗe shi a tsumma, ta sa a leda. Maimakon ta mai da shi bakin zane, sai ta kamo hannun Abba ta danƙa masa.

"Riƙe. Ni na samu babba. In ka bari talabijin ta sake taɓa shi, ban yahe ba."

Abba ya sa ƙullin a aljihu. Ya jawo buta zai wanke fuska, ta riƙe masa hannu.

"Bar ta. Raka ni tasha hakanan. In mota ta tashi ka wanke."

Haka suka fita, ita da takardarta a ƙirji, shi ɗauke da jakarta, tsagar kwalli raɗau a kumatu, suka ratsa tsakiyar kasuwar Talata ana ta kallonsu. Ina hangen ta, duk 'yan taku kaɗan sai ta ɗago ta dube shi.

Sitikata kuwa, da ya dawo ya ce gobe. Na ce Allah ya kai mu.